Neman shawara: ƴata tana son haɗa sabulu a gida saboda darasin shimi

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni tela ne a nan Maradi, kuma karatuna na boko bai wuce kwaleji ba, shi ya sa na kawo wannan magana gaban waɗanda suka fi ni sani. Ƴata ta fari tana aji na biyu na lise, wanda suke kira firamiyar, a sashen D na kimiyya, kuma tun tana ƙarama ba ta da buri sai aikin likita. A lissafi da ilimin halittu ba ni da kuka da ita, amma a kimiyyar sinadarai, wadda su ɗalibai suke ce wa shimi, takardarta ta ƙarshe ta dawo da maki 7 cikin 20. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yarinyar ba raguwa ba ce. Da idona nake ganin ta bayan sallar isha'i, idan ta gama wanke-wanke, ta shimfiɗa tabarma ta kunna fitilar caji tana maimaita darasi kamar mai tilawa, har ƙannenta sun haddace wasu kalmomin suna tsokanar ta da su. Da na tambaye ta inda gizo yake saƙa, sai ta ce tun da ta shiga lise ba ta taɓa ganin an haɗa sinadari biyu a gabanta ba, komai a kan allo ake zana shi, su kwafa.

Yanzu ita da ƙawayenta uku sun ɗauri aniyar haɗa sabulu da man gyaɗa da soda a tsakar gidanmu, wai don su gane darasi kuma su nuna a bikin ƙarshen shekara na makaranta. Mahaifiyarta ta ce sam soda ba za ta kwana a gidan da autanmu ɗan shekara uku yake yawo ba. A gefe guda kuma akwai mai koyarwa a gida da ya nemi jaka goma a wata, kuɗin da sai na matse wata buƙatar kafin in fitar da su. Shin in bar su su yi sabulun, ko in hana, in biya kuɗin darasin gida?

Amsar wani malamin fizik da shimi:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka fitar da ko dala, ka sa ta kawo takardar nan mai maki 7, ku duba inda jan biro ya fi yawa. Bisa abin da na saba gani a aji, tambayoyin hadda takan ci su, sai a zo lissafin mol ta zubar da maki, domin a nan ne yawancin yaranmu suke tuntuɓe, kuma hadda ba ta maganin wannan ciwo.

Mol ba wani abin tsoro ba ne. Idan mai goro ya ce maka ƙwarya, ka san goro ɗari yake nufi, manya ne ko ƙanana, sai dai ƙwaryar manya ta fi ta ƙanana nauyi. Haka mol yake: ƙidaya ce ta ƙwayoyin sinadari, kimanin lamba 6 da sifili 23 a bayanta, kuma kowane sinadari da nauyin da ƙwaryarsa take yi. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, na gishiri giram 58 da rabi, na soda giram 40. Yaron da bai taɓa ɗora abu a kan sikeli ba, waɗannan lambobi ba su da bambanci da lambar waya a wurinsa. Saboda haka abin da zan fara ba ka shawara ka saya shi ne ƙaramin sikeli na lantarki mai auna giram da ɓarin giram, da sirinji sabo marar allura, da littafi guda da za ta keɓe don rubuta gwaji.

Gwajin farko yana cikin madafar mahaifiyarta. Ta jiƙa zoɓo a ruwan zafi, ta tace, ta sirka shi da ruwa har ya yi haske, domin mai kauri ba ya nuna canji sosai, sannan ta raba a kofunan gilashi huɗu. Ta ɗiga lemun tsami a ɗaya, ruwan tsamiya a na biyu, jiƙaƙƙiyar kanwa a na uku, ruwan toka a na huɗu. Biyun farko za su ƙara ja, biyun ƙarshe su juya zuwa kore mai duhu, domin sinadarin da ke ba zoɓo launinsa yana sauya kama gwargwadon abin da ya tarar, asid, wato mai tsami, ko baz, wato dangin kanwa da toka. Daga nan ta ɗauki kofin kanwar, ta riƙa zuba lemun tsami da sirinji tana ƙirga mililita nawa ya ci kafin jan ya dawo. Wannan shi ne ainihin awon asid da baz da za a tambaye ta a jarrabawar bak ta kammala lise, kuma shi ne abin da iyayenmu mata suke yi tun kaka da kakanni idan sun jefa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami.

Na biyu shi ne wanda zai ɗaura mata mol a hannu. Ta auna giram 4,2 na bikarbonat, farar hodar nan da ake sa wa fulawa don ta kumbura, ta ɗura a balan-balan, ta zuba binega rabin kofin shayi babba a gorar roba, ta ɗaure bakin balan-balan ɗin a bakin gorar, sannan ta juye. Amma sharaɗina shi ne kada ta juye sai ta rubuta amsa tukuna. Mol ɗaya na bikarbonat giram 84 ne, don haka abin da ta auna kashi ɗaya ne cikin 20 na mol. Mol ɗaya na iska yakan cika kimanin lita 24 a ɗaki mai zafin digiri 20, kodayake a zafinmu na watan Afrilu ya haura lita 25, ke nan ana sa ran iskar da za ta fito ta ɗan wuce lita ɗaya. Idan ta ga abin da ya fito bai kai ba, to ta nemo dalili: ko binegar ta yi kaɗan, ko wani kaso na iskar ya narke cikin ruwan, ko ɗaurin ya yi sako-sako. Rabin sa'ar da za ta yi tana wannan tunani ta fi mata daren hadda guda amfani. Gwajin da ba a yi lissafi kafinsa ba kuwa wasan yara ne kawai, za su yi shewa su watse ba su ƙaru da komai ba.

Sabulu yana cikin karatunsu, kuma za ta gamu da shi kafin bak, amma ni ba da shi zan fara ba.

Amsar wata mai sana'ar sabulu:

Malam tela, ni shekaruna da yawa ina wannan sana'a, kuma ban san mol ba sai yau da na karanta bayanin malam, amma na san soda, tabonta ma yana bayan hannuna na dama. Uwargidanka ta yi gaskiya ta wani fanni, ƴarka ma ta yi gaskiya. Haɗa sabulu ba gagara ba ne, sai dai yana da ƙa'idojin da ba a yi musu ganganci. Soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa, ba a taɓa zuba ruwa a kan soda, domin tana ɗaukar zafi nan take har robar ta ƙi taɓuwa, kuma tana iya fallatsowa fuska. Ba a haɗa ta a tukunyar dalma, cinye ta take yi tana fitar da wata iska mai kama wuta. Roba mai kauri muke amfani da ita da muciyar da ba za ta sake komawa tuwo ba. A fili ake yi, da safar hannu ta roba da tabarau, kuma mayafi a ɗaure shi tamau kada ya leƙa cikin roba. Idan an zuba a mazubi, ba a wanka da shi sai ya yi sati huɗu zuwa shida yana shan iska a inuwa.

Shawarata ita ce kada a yi a gidanka. Idan ka amince, yaran su zo wurin aikina ranar Lahadi da safe tare da mahaifiyar ɗaya daga cikinsu, ni zan jiƙa sodar da hannuna, su su yi awo da juyi. Ni da gwangwani nake awona, wani zubin ya yi kyau, wani ya fito yana cizon fata, don haka ina so in ga abin da sikelin nasu zai nuna mini.

Malamin ya sake cewa:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin warware matsalar da ta fi ƙarfina. Cizon fatar da kike gani sodar da ta yi saura ce ba ta sami man da za ta ci ba, kuma gwangwani ne ya jawo, domin litar man gyaɗa ba ta kai kilo ba, kimanin giram 910 take yi. Ga aikin da nake so yaran su yi kafin su zo wurinki. Kowace ƙwayar mai tana buƙatar ƙwayar soda uku kafin ta rabu ta zama sabulu da gilisarin, kuma mol ɗaya na man gyaɗa kimanin giram 880 ne. Su lissafa sodar da giram 500 na mai zai ci. Idan sun bi hanya daidai za su sami kusan giram 68, sai a rage kamar giram 3 don a bar ɗan mai ya yi saura, a narkar da ita a ruwa kimanin mililita 170. Wadda ba ta kawo wannan lissafi a rubuce ba, kada ki ba ta muciya.

Amsar wata ma'aikaciyar jinya:

Ni dai ina bayan maman yarinya, kuma ina roƙon kada zumuɗin ilimi ya sa a raina tsoronta. Soda idan ta narke ba ta da launi, ba ta da wari, ba a bambanta ta da ruwan sha, kuma yawancin yaran da ake kawo mana sun sha ta, a kofi ko gorar ruwa suka tarar da ita an ajiye ana jira ta huce. Ƙunar da take yi a maƙoshi takan warke ta bar hanyar abinci a tsuke, yaro ya daɗe ko kunu ba ya wucewa sai da wahala. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a sa yaro amai, domin sodar za ta sake ƙona hanyar da ta bi, a garzaya da shi asibiti kawai. Idan a ido ko fata ta fallatsa, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 kafin a kama hanya. Ina ƙara jan kunnen yaran game da abu ɗaya, tun da yanzu hannunsu zai fara ƙaiƙayin haɗe-haɗe: kada su kuskura su gauraya ruwan jabel na wanke fararen kaya da binega ko wani abu mai tsami, iskar kulorin yake fitarwa, kuma tana illata huhu.

Amsar wata ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo:

Baba, ina wuni. Ni ma sashen D na yi, kuma na taɓa karɓar makin da ya fi na ƙanwata muni. Abin da ya cece ni shi ne ƙungiyar mutum huɗu da allon katako da muka jingina a zauren gidan su ɗaya daga cikinmu. Kowace ranar da muka haɗu, mutum ɗaya ce take tashi da alli ta warware tambayar tsohuwar jarrabawa da bakinta, sauran suna tare ta da tambaya, kuma a nan ne muka gane cewa wadda ta iya maimaita darasi ba lalle ne ta iya bayyana dalilinsa ba. Tun da su ma huɗu ne, ƙungiyar ta riga ta samu, allo da alli kawai suka rage. Ina kuma roƙon alfarma a wurin Mama, a ɗauke mata wanke-wanken dare ko da kwana uku ne a mako, domin lissafi yana son kai mai sauran ƙarfi, ba wanda barci ya fara rinjaya ba.

Game da abin da za su nuna a makaranta, idan sabulun bai kai ga bushewa ba, akwai wani aikin da ba ya buƙatar soda ko kaɗan. Su daka bagaruwa, irin wadda majema suke jeme fatar jar akuyar Maradi da ita, su jiƙa, su tace. A wata gora su jiƙa ƙusoshi masu tsatsa cikin binega na kwana biyu ko uku, murfin a sassauce. Ranar da suka haɗa ruwan biyu, nan take zai koma baƙi ƙirin, domin sinadarin tanin da ke cikin bagaruwa ya kama ƙarfe, kuma idan suka ƙara ɗan ƙaro ya zama tawadar da za a iya rubutu da ita. Ranar da na fara yin sa sai da na ɓata farin hijabina, don haka su sa tsofaffin kaya. Tun da likita take son zama, ta riƙa tuna abin da ya sami yaran Tibiri, nan kusa da mu, waɗanda ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuliyo ya lalata wa haƙora da ƙasusuwa. Iyakar fuliyo da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a ruwan sha miligiram 1,5 ce a lita, abin da ido ba ya gani, harshe ba ya ji, sai mai awo da lissafi.

Mai tambaya ya dawo bayan kwana tara:

Jama'a, na gode, Allah ya bar zumunci. Mun duba takardar kamar yadda malam ya ce, kuma maki goma sha ɗaya daga cikin goma sha ukun da ta rasa a lissafi suka tafi. Na sayi sikelin, na sa kafinta maƙwabcina ya yanko mini falanki na shafa masa baƙin fenti, darasin gida kuma na dakatar da maganarsa sai na ga takarda ta gaba. An yi gwajin zoɓo ranar Juma'a da yamma, kuma mahaifiyarta da ta tsaya daga nesa tana kallo ita ce ta ƙarasa da gyara musu yawan kanwar, tana cewa sun cika hannu. Ta amince da zuwa wurin Hajiya da sharaɗin ita za ta raka su, autan kuma a bar shi wurin kakarsa. Lissafin sodar ne har yanzu ba su daidaita ba: biyu sun sami giram 68, ɗaya ta sami 23, tawa kuma ta ce ta gano inda ƙawarta ta manta ba ta ninka da uku ba. Hajiya, idan Allah ya kai mu Lahadi, ƙarfe nawa za su iso, kuma man gyaɗar su za su zo da shi ko a wurinki za su saya?