Da wane suna za mu kira na'urar da ake sa wa yara masu farfaɗiya a ka?

Jama'a, ina neman mu tsaya a kan kalma ɗaya. Turawa suna cewa deep brain stimulation, a taƙaice DBS, mu kuwa kowa da abin da yake rubutawa, wani ma sai ya tsorata iyaye.

Ga yadda abin yake. A watan Oktoban 2023, a asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan, an sa wa wani yaro ɗan shekara 12 wata 'yar na'ura mai suna Picostim a cikin ƙashin kansa. Siraran wayoyi biyu ne suka fita daga jikinta zuwa can tsakiyar ƙwaƙwalwa, wurin da ake kira talamus, suna kai lantarki ɗan kaɗan. Yaron yana fama da nau'in farfaɗiya mai tsanani da ake kira Lennox-Gastaut. A 2024 aka sanar cewa faɗuwar da yake yi da rana ta ragu da kashi 80 cikin 100. A Amurka tun 2018 aka amince da wannan hanya don farfaɗiya, amma ga manya. Ga yara har yanzu ana kan gwaji.

Wani malami ya ba da shawarar "dashen ƙwaƙwalwa". Malam, da girmamawa, ban yarda ba. Kunnenmu ya saba da dashen ƙoda, wato a ciro gaɓar wani a sa wa wani. Uwar da ta ji haka za ta ɗauka ƙwaƙwalwar ɗanta za a canza. A ce "dasa na'ura", wannan babu laifi, amma dole kalmar na'ura ta fito.

"Zaburar da ƙwaƙwalwa" ita ce aka fi rubutawa, kuma ita ta fi damuna. Farfaɗiya kanta fa lantarkin ƙwaƙwalwa ne yake tashi lokaci ɗaya fiye da kima, ƙwayoyin jijiya su dinga aika saƙo tare babu tsari. Aikin na'urar shi ne ta katse wannan hargitsin. To yaya za ka ce wa uban da ya sha ganin ɗansa yana zabura yana sanƙarewa wai za a ƙara zaburar masa da ƙwaƙwalwa? Ai sai ya ja hannun yaronsa su fice. Haka ma "jona wuta": sai mutum ya hango shokin, alhali lantarkin bai kai wanda zai girgiza jiki ba.

Na so "saita ƙwaƙwalwa", tunda muna cewa na'urar saita bugun zuciya, kuma aikinsu ya yi kama. Wata Hajiya ce ta tuna mini abin da ake nufi in an ce mutum ba shi da saiti. Hajiya, kin yi gaskiya, na janye. Yaran nan sun sha jifa da kalmar hauka da ta aljanu, bai kamata mu ƙara musu da bakinmu ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne "daidaita lantarkin ƙwaƙwalwa", ita kuma "na'urar daidaita lantarkin ƙwaƙwalwa". Ta yi tsawo, na sani, amma ta faɗi aikin, ba ta kuma yi alkawarin warkewa ba, don rage faɗuwa ake yi, yawanci ana ci gaba da shan magani. Ban sa farfaɗiya cikin sunan ba saboda da irin wannan aiki ake taimakon masu cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, tun kafin a zo kan farfaɗiya. In ana maganar yaran kawai, "na'urar rage farfaɗiya" ta wadatar.

Saura sunan irin farfaɗiyar da ake yi wa wannan aiki. "Farfaɗiyar da ba ta jin magani" Hausa ce tsaf, mu riƙe ta. A wajen likitoci ma'anarta an gwada magunguna biyu da suka dace, an sha yadda ya kamata, faɗuwar ba ta tsaya ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar haka suke. Don Allah kar wani ya mayar da ita "wadda ba ta da magani", ma'anar ta sha bamban.

Wanda yake da gajeriyar kalma da ta fi "daidaita lantarki" ya kawo, musamman ma'aikatan jinya da ke yi wa iyaye bayani baki da baki.