Idan an sauya ɗan wasa a wasannin rana na Amurka

Masu bibiyar dogayen wasannin kwaikwayon rana na talabijin ɗin Amurka sun tattauna kan sauya 'yan wasa. Yawancinsu sun ce a yi wa sabuwar fuska haƙurin 'yan watanni kafin a yanke mata hukunci. Hujjarsu rawar Carly ta wasan General Hospital: mata uku suka riga Laura Wright taka rawar, amma tun 2005 ita ke riƙe da ita, har an saba.

Wasu suka ce akwai rawar da ba ta sauyuwa, kamar ta Victor Newman a wasan The Young and the Restless da Eric Braeden ke takawa tun 1980, kuma ina tare da su. Tsofaffin 'yan wasa kuwa, in za a dawo da su, a ba su labari mai tsoka, kada a kira su zaman makoki kawai su koma.