A miƙa makarantun gwamnati ga 'yan kasuwa ko a gyara su?

Baban Hauwa, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan isha'i gardama ta kaure a majalisarmu, wani ya ce tunda firamaren gwamnati ta lalace to kawai a miƙa ta ga 'yan kasuwa su gudanar, gwamnati ta riƙa biya ma ɗiyan talakawa kuɗin makaranta. Ni babban yarona yana aji biyar amma har yanzu da ƙyar yake haɗa baƙi, makarantar kuɗi kuma ta fi ƙarfina. Don Allah masu sani mi kuka gani?

Abu Khalid, Jega:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina goyon baya wallahi. Mai makarantar kuɗi in malami ya cika fashi sallamarshi zai yi don ya san iyaye za su kwashe 'ya'yansu, a ta gwamnati kuwa wa zai tambaye ka? Ku dubi Anambara, a 2011 gwamnanta na lokacin Peter Obi ya mayar ma coci-coci makarantunsu gwamnati tana ba su tallafi, daga baya jihar ta riƙa fitowa a sahun gaba a jarrabawar WAEC.

Malama Maman Sadiya, Argungu:
Alhaji Abu Khalid ka yi haƙuri, misalin Anambara bai hau ba, can waɗanda suka kafa makarantun tun asali aka mayar mawa, ba masu neman riba ba. Ni malamar firamare ce kuma ina ganin makarantun kuɗin da ke cikin unguwanninmu, wata gidan haya ce aka raba ɗakuna, malaman yara ne da suka gama sakandare, abin da ake biyansu ko kusa da mafi ƙarancin albashi na dubu 70 bai kai ba, amma da yake yaro ya iya gaisuwa da Turanci sai uba ya ɗauka ana karatu. Akwai masu kyau ban musa ba, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin irin su Baban Hauwa.

Kuma fa ba a rasa doka ko kuɗi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne kuma dole. Kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ake ware ma UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, sai jiha ta aje nata kason daidai da wanda za a ba ta sannan ta ɗauka, jihohi da dama kan bar kuɗin a kwance don ba su aje nasu ba. Ciwon yana wajen malami ne, a ɗauki mutum aiki don yaron ɗan siyasa ne alhali ga masu takardar shaidar malanta ta NCE daga kwalejin ilimi ta Adamu Augie zaune gida, sannan babu mai zagayowa ya duba ko an shiga aji. Kaduna ta gwada malamanta a 2017 da jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da dubu 21 suka faɗi aka sallame su, abin ya yi zafi amma ya nuna girman matsalar. Gwamnanmu na Kebbi Nasir Idris ya taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙasa, ya san wanga ciwo ciki da waje, shi ya sa muke sa ran gani a ƙasa.

Ɗan Yauri:
Allah ya saka da alheri Malama. Ku na gari kuna mantawa da ƙauye. Wane ɗan kasuwa zai kai jarinshi ƙauyukan Danko-Wasagu ko Ngaski inda uba sai ya sayar da buhun gero zai sai ma yaro yunifom? Ga tsaro, tun sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021 iyaye da yawa suke ɗari-ɗari da makarantar kwana. In gwamnati ta janye hannu yaran karkara gona da talla kawai za su koma.

Abu Khalid, Jega:
Maganar ƙauye na yarda. Amma Malama tun shirin firamare kyauta na UPE a 1976 ake cewa za a gyara, mu iyaye mi za mu yi kafin nan?

Malama Maman Sadiya, Argungu:
Ku shiga kwamitin kula da makaranta na SBMC a makarantarku Alhaji, iyaye da mai unguwa da hedimasta duk suna ciki. Kai ma Baban Hauwa ka je gobe ka ce a nuna maka rajistar zuwan malamai, ka kuma tambayi malamin aji biyar mi ya sa yaronka bai iya karatu ba.