Muhawara: Wai kafafen labaran Amurka na 'yan Democrat ne?

Direban Bronx: Wallahi na gaji. Awa 12 nake yi a kan sitiyari, rediyo a kunne, tun asuba har dare ba abin da ake yi sai lissafa laifin Trump. Kuma ba ni kaɗai na gani ba. Uri Berliner, babban edita a gidan rediyon NPR na Amurka, ya rubuta a Afrilun 2024 cewa ya duba rajistar zaɓen editocinsu na Washington, ya samu 87 'yan Democrat, ɗan Republican ko ɗaya babu. Aka dakatar da shi kwana 5, ya ajiye aikin. Masu sassaucin ra'ayi sun mamaye gidajen nan, su ke zaɓa wa jama'a abin da za su ji.

Malamin Tarihi: Sassauci? Wane sassauci? New York Times ɗin da ta dinga buga labarin makaman ƙare-dangi na Saddam har aka auka wa Iraƙi a 2003, sai a Mayun 2004 ta fito tana amsa kuskure? Je ka faɗa wa mutanen Bagadaza sassauci.

Uwar Biyu: Malam, sassaucin da yake nufi na zubar da ciki da auren jinsi ne, ba na yaƙi ba.

Malamin Tarihi: To ya nemo wata kalmar, Hajiya. Sassauci abin yabo ne a Hausa. Alƙali ake roƙo ya yi sassauci, mara lafiya ake wa fatan samun sassauci.

Na Gwammaja: Haka muka taso muna ji a rediyo, masu sassaucin ra'ayi da masu ra'ayin riƙau. Kai ne za ka gyara wa 'yan jarida Hausa?

Malamin Tarihi: Ni ne. Shi ma "riƙau" ɗin zagi ne aka lulluɓe. Wa zai yarda a kira shi riƙau?

Ɗan Damagaram: Tunda kun ambaci rediyo, umarnin da Trump ya sa wa hannu a Maris 2025 ne ya tsayar da shirye-shiryen Muryar Amurka, har da Sashen Hausa. Tsohonmu ya yi kwanaki yana murɗa rediyonsa bayan sallar asuba, yana ja da eriya, yana cewa batir ne ya yi sanyi.

Direban Bronx: Kuɗin harajinmu ake biyan su da shi, ɗan'uwa.

Na Gwammaja: Harajinku? Ƙuri'a ma kana da ita a can?

Direban Bronx: Takarduna ba su shafe ka ba. Kai da ko Legas ba ka taɓa wucewa ba.

Uwar Biyu: Haba, ku ji tsoron Allah. Ni tambayata, tashar talabijin ta Fox News fa? A Afrilun 2023 ta amince ta biya kamfanin Dominion mai ƙera na'urorin zaɓe dala miliyan 787.5 kan ƙaryar maguɗin zaɓen 2020. Ita ma 'yar sassauci ce? Kuma a Oktoban 2024 Washington Post ta Jeff Bezos ta fasa mara wa Kamala Harris, 'yar takarar Democrat, baya.

Direban Bronx: Fox ɗaya ce tal, Hajiya. Ki tuna yadda Twitter ta toshe labarin kwamfutar Hunter Biden, ɗan Joe Biden, a Oktoban 2020.

Malamin Tarihi: Twitter jarida ce?

Na Gwammaja: Ba ka amsa maganar ƙuri'a ba.

Shugaban zaure: Na rufe nan, lokacin Isha'i ya yi. Abin da na tsinta: Direba ya kawo lamba 87, kuma ba wanda ya ƙaryata ta, don haka maganarsa na nan daram. Mutum ne da ke zaune a can, kunnensa ya ji. Malam ya janye mu zuwa nahawu, Hajiya ta kawo Fox wadda ba ita ake magana a kai ba. Na Gwammaja kuwa, ka nemi afuwar Direba kafin gobe, in ba haka ba zan cire ka.