Juji ne ke jawo tsuntsaye filin jirgi, ko kuwa kogi?

Alhaji Hamadu: Assalamu alaikum. Ana ta cewa idan ana so jirage su daina karo da tsuntsaye, sai an kwashe duk jujin da ke kusa da filin jirgin sama, ni kuwa ban gamsu ba. Garwa ta Kamaru, inda muke, a bakin kogin Binuwai take, kuma balbela da shamuwa suna kiwo a fadamun nan tun kafin a shimfiɗa titin jirgi. Jirgin da ya sauka a kogin Hudson na Amurka ranar 15 ga Janairun 2009, wanda mutum 155 da ke ciki suka tsira, dinya ce ta shige injinansa, kuma dinya ba ta neman abinci a bola. A ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Alhaji. Misalinka gaskiya ne, amma ga wani. A watan Agustan 2019 wani jirgi ya tashi daga filin Zhukovsky kusa da Mosko, ya haɗiyi tsuntsayen ruwa irin masu tururuwa a kan shara, ya sauka a gonar masara da mutum 233, kuma bayan nan hankalin kowa ya koma kan jujin da ke kewayen filin. Ba a banza hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ce a sa ido kan duk abin da ke jan tsuntsaye cikin kilomita 13 daga filin jirgi ba, tare da ambaton juji da sunansa. Mafi yawan karon yana faruwa ne lokacin tashi da sauka, sa'ad da jirgi yake ƙasa-ƙasa.

Alhaji Hamadu: To Malam, ka zana da'irar kilomita 13 daga filin jirginmu ka gani. Ta haɗiye gari da kasuwanni da kogin kansa. A Njamena ma filin Hassan Djamous cikin gari yake, ga kogin Shari a gefe. Ina za a kai sharar mutane, kuma wa zai biya man motocin da za su yi wannan jigila kullum?

Malama Asma'u: Alhaji, da izininka, ina ganin ba a ce a kori gari ba. Abin da ake nufi shi ne a duba kowane wuri a auna haɗarinsa. Tsuntsu yana da makwanci, yana da wurin ci, yana da wurin sha, kuma kullum safe da yamma yana zirga-zirga a tsakaninsu. Idan makwancinsa yana bakin kogi, juji kuma yana ɗaya gefen titin jirgi, to mu da hannunmu muka yi masa hanya ta gaban jirgi sau biyu a rana. Kogi ba ya ɗaukuwa, amma juji mu muka ajiye shi. Sannan ba tarin leda da toka ke kiran tsuntsu ba, abinci ne da aka bari a fili. Inda ake danne shara da katafila, a rufe ta da ƙasa kafin dare, a rage faɗin wurin da ake zubarwa, tsuntsaye suna raguwa ko da jujin bai gusa ba.

Baba Iliyasu: 'Yata ta faɗi abin da nake gani da idona. Shekaru na yi ina fawa. Da asuba kwata shiru take, amma da zarar an juye tumbi an watsar da ƙazantar ciki a bayan katanga, sai ka ga hankaki sun fara sauka, shirwa na shawagi ƙasa-ƙasa har ta kan fizge tsoka daga faranti a kan yaro. Idan rana ta ɗaga, iska ta yi zafi, ungulu sukan yi ta kewaya suna hawa sama har su zama ɗigo. Wannan hawan shi ne abin tsoro, domin a can jirgi yake bi. Ranar da muka haƙa rami muka binne kayan ciki da wuri, ko rabinsu ba su zuwa.

Malam Sani: Allah ya ƙara girma, Baba. Nauyi ma abin dubawa ne. Ungulu tana kusan kilo 2, babba-da-jaka kuwa yakan wuce kilo 5, kuma idan gudun jirgi ya ninka, ƙarfin bugun yana ninkawa sau huɗu. Ƙanana ma idan sun yi garke ba su da daɗi: a Bahir Dar ta Habasha, a watan Satumban 1988, hasbiyoyi ne suka kashe injinan Boeing 737, mutum 35 suka rasu.

Alhaji Hamadu: In haka ne, a sa musu guba ko a harbe su mana, a huta.

Malama Asma'u: A'a, Alhaji, wannan kam ba zan goyi baya ba. Tun 2015 aka sa irin ungulun da muke gani a garuruwanmu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma su ne ke cinye mushen da zai jawo mana cuta. Matuƙar abincin yana nan, waɗanda aka kashe yau wasu za su maye gurbinsu gobe. Harbin tsoratarwa da sintirin mota a kan titi suna taimakawa, sai dai tsuntsu yana sabawa da ƙara idan cikinsa yana kiransa.

Alhaji Hamadu: Na karɓi maganar kayan ciki da ragowar abinci, amma batun kwashe juji gaba ɗaya har yanzu ina kan bakana. Kuma shinge, wato gara mai fiffike da ke fitowa bayan ruwan farko, wanda ke tara shirwa a kan fitilun titi, babu jujin da ya kawo shi.

Baba Iliyasu: Shinge kwana kaɗan yake yi, Alhaji, kwata kuwa kullum sai an yanka. Ni zan yi wa sarkin fawa maganar ramin ranar Juma'a. Ku da kuke da hanyar magajin gari da hukumar filin jirgi, ku roƙa a zagaya unguwannin da ke bayan shingen waya kafin jigilar alhazai, a ƙirga wuraren da ake zubar da shara a fili.