Disambar farko a Ingila, me ya kamata mu tanada?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah tsofaffin hannu ku taimaka mana, wannan ce Disambarmu ta farko a Leeds. Makarantar yara ta aiko takarda, wai za su yi wasan kwaikwayon haihuwar Annabi Isa, Hassana za ta fito a tunkiya, Usaina kuma tauraro. Akwai kuma ranar da kowane yaro zai sa suwaita mai ado ya kai fam 2. Ga wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta zuro mana katin Kirsimeti ta ƙofa. Babansu ya ce in tambaya a nan, ku ya kuke yi?

Dogo Bazazzagi: Tunkiya? Ai ta tsira. Nawa jaki aka ba shi bara, har gobe yayyensa ba su daina yi masa kuka ba.

Malam na Bradford: Wa alaikumus salam. Ki rubuta wa shugabar makarantar cikin ladabi ki ce ba za su shiga ba. Doka ta ba iyaye damar cire yaro daga ibadar da ake yi a makaranta da darasin addini. Ba wanda zai ɗaga miki murya.

Anti Nas: Maman Biyu, ajiye maganar tunkiya tukuna, ki ji wadda za ta iya sa ki kuka. Ranar 25 ga wata, ranar Kirsimeti, ƙasar nan rufewa take yi ruf. Manyan kantuna doka ce ma ta hana su buɗewa a Ingila da Wales tun 2004. Jirgin ƙasa ba ya tashi, a Landan hatta bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa hutawa suke yi.

Shekarar da na zo ina aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi. Aka sa ni daren 24, wai ai ni ba na biki. Na karɓa hannu bibbiyu don kuɗin ya fi na kullum. Duk gidan ba wanda ya buɗi baki ya ce min da safe babu mota. Na fito, titi wayam, ko kare babu. Na tsaya a tashar bas har yatsun ƙafata suka daina sanin suna jikina. Da ƙyar na samu tasi, ya caje ni ninki biyu yana ta yi min barka da biki, kusan rabin abin da na kwana ina nema ya tafi a nan. Ina shiga gida na tarar hita ta mutu, mitar gas ta cinye kuɗinta, irin ta katin nan ce da sai ka kai shago a loda maka. Shagon layinmu a kulle. Yarona yana ta tari, babansa ya naɗe shi a bargo biyu da sallaya. Sai da maigidan ya taka da ƙafa har wata unguwa ya samu ƙaramin shagon wani ɗan Pakistan a buɗe, su ƙananan doka ba ta taɓa su ba. Wallahi ranar na yi niyyar haɗa kayana.

Don haka tun wajen 21 ki loda mita ta cika. Duk mai shan magani kullum a gidan a karɓo masa na sati biyu, kada ki bari sai asibitin unguwa ya rufe. Madara, famfas, burodi, shinkafa, ki ajiye. Ki rubuta 111 a jikin firji, ita ce lambar da ake kira in jiki ya ƙi amma bai kai na gaggawa ba. Ranar kwashe shara ma tana canzawa, ki duba takardar ƙaramar hukuma.

Maman Biyu: Innalillahi. Mitarmu irin ta katin ce kuwa. Na gode Anti.

Alhaji Bakano: Suwaitar nan kada ki kuskura ki sayi sabuwa. Rana ɗaya tal za a sa ta. Ki shiga shagunan gwanjon nan na ƙungiyoyin agaji ko ki duba Vinted, manhajar sayar da gwanjo. In ma babu, ki ɗauko tsohuwar rigar sanyi ki liƙa mata ƙyalƙyali, malaman ba ruwansu. Rigar sanyi ta gaske kuma ki yi haƙuri sai 26, ranar ake karya farashi.

Dogo Bazazzagi: Bakano ya iso. Da za a sayar da dusar ƙanƙara da tuni ya buɗe rumfa.

Alhaji Bakano: Bawana, ka biya ni fam 20 ɗin watan jiya sannan ka yi magana a gaban manya.

Malam na Bradford: Fam 2 ɗin ki ba da, na ƙungiyar Save the Children ne, taimakon yara ne. Wasan ne matsala. A ciki ake faɗin abin da aƙidarmu ba ta yarda da shi ba game da Annabi Isa, yaro ɗan shekara biyar kuma abin da ya rera shi yake zama masa. Katin ma ni ba na mayarwa.

Anti 'Yar Jos: Malam, da girmamawa, tsohuwar nan ba wa'azi ta aiko ba, gaisuwa ce. Ni da nake Kirista ma har yau ban gane kan Kirsimetinsu ba. A gida tun saura mako ake suyar cincin, tela ya hana kowa barci, asubar fari a ɗora shinkafa. Babanmu maƙwabcinmu Musulmi yake kira ya yanka mana akuya don kowa ya ci. Mu yara mu sha sababbin kaya mu yi ta jigilar kwanuka gida-gida, da Babbar Sallah kwanukan su dawo da nama. Na zo nan na yi kwalliya ta kece raini na tafi coci da safe, sai tsofaffi 'yan kaɗan, babu ganga babu zumuntar mata, awa ɗaya an tashi kowa ya shige gida ya ja labule. Na dawo na zauna ni kaɗai da tukunyar shinkafa. Yanzu cocin 'yan Najeriya nake zuwa, can ne ake sanin ana biki.

Furofesa: Anti ta faɗi gaskiya. A ƙidayar 2021 kashi 46 cikin ɗari ne suka ce su Kiristoci ne a Ingila da Wales, karo na farko da suka gaza rabi. Kashi 37 sun ce ba su da addini, Musulmi kashi 6.5. Amma duk gidan da ka leƙa akwai bishiyar Kirsimeti. Ita kanta bishiyar al'adar Jamusawa ce, ta bazu a nan ne bayan wata jarida ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Yarima Albert, Bajamushe, suna kewaye da ita a 1848. Kuma masu tsananin addininsu sun taɓa yaƙar bikin, majalisa ta soke shi a 1647. A Sikotlan sai 1958 ranar ta zama hutu, kafin nan mutane aiki suke zuwa.

Dogo Bazazzagi: Wato su ma suna da Malam na Bradford nasu tun 1647.

Malam na Bradford: Dogo ka kiyaye ni. Furofesa, don masu abu sun yi sakaci da abinsu ba shi ne zai mayar da shi namu ba.

Furofesa: Ban ce namu ba ne Malam. Cewa na yi wadda ta zuro katin wataƙila rabonta da coci tun aurenta.

Mai Zaure: Jama'a, dokar zaure tana nan, ba a fatawa a nan. Mai son hukunci ya tambayi malaminsa. Mu koma kan shawara.

Inna Hajiya: 'Yata Maman Biyu, ni na raini huɗu a Birmingham, duk sun girma suna sallarsu. Biyu na cire su daga wasan, biyu na bar su, ban ga bambanci a tsakaninsu ba. Abin da na gani shi ne kishi. Yaro ya koma makaranta a Janairu kowa yana lissafin kyautar da ya samu, shi ya yi tsuru-tsuru. Wannan ne ke cin ran yaro, ba tunkiya ba. Sai na riƙa karanta musu Suratu Maryam a satin, in ce ga namu labarin. Fitilun adon nan kuma in saye su da arha bayan biki in ɓoye, ranar Sallah in ƙawata falo, in naɗe musu kyauta a takarda, in nemar musu izini a makaranta. Da suka ga tasu Sallar ba ta fi ta kowa talauci ba, magana ta mutu.

Maman Biyu: Allah ya saka Inna. To katin fa, in mayar ko in bari?

Ɗan Damagaram: Ku kuna ta kati, mu a Glasgow rana muke nema. Sai kusan tara saura kwata take fitowa, huɗu saura kwata ta faɗi. Azahar, la'asar, magariba duk a wurin aiki suke riskata, ina idar da wannan waccan ta shigo.

Anti Nas: Yauwa, ka tuna min. Duk ku sayi bitamin D. Hukumar lafiya ta NHS ta ce maikurogiram 10 kullum a kaka da hunturu, mu masu baƙar fata ma an ce mu yi tunanin sha duk shekara. Ciwon gaɓoɓi da kasalar da kuke ɗora wa aiki, wani lokaci shi ne. Kuma Maman Biyu, ko sanyi ya kai ina ki riƙa buɗe taga na ɗan lokaci da safe, musamman in kina shanya a ɗaki. In ba haka ba baƙin fumfuna zai cinye bangon, mai gida ya riƙe miki kuɗin ajiya.

Ƙanwar Kowa: Ni tambayata walimar ofis. An ce kowa ya zaɓi abinci tun yanzu.

Alhaji Bakano: Zaɓi kifi ko na ganye ki huta. Talotalon ba yankan Musulmi ba ne, kuma a gefensa suke jera 'yan ƙananan sosej naɗe da naman alade.

Anti 'Yar Jos: Ki kula da kayan zaƙin ma. Baƙin kek ɗin nan mai busassun 'ya'yan itace da barasa ake jiƙa shi, wasu har wuta suke kunna masa a tebur. Ni ma ba na sha, kullum sai na juya kwali na karanta. Abin da ake sayarwa da zafi a kofi a kasuwar Jamusawa ta Birmingham da ta Manchester kuma ba zoɓo ba ne, giya ce aka dafa da kanumfari.

Dogo Bazazzagi: Anti kin makara da wannan sanarwar, akwai wanda na sani.

Alhaji Bakano: Ƙarya yake yi, shinshinawa kawai na yi.

Ƙanwar Kowa: 😂😂 To kyautar ɓoye da ake yi wa juna fa? Sunan ogana na zaro.

Inna Hajiya: Cakulan ko kofin shayi. Kada ki wuce kuɗin da aka yanka, su ba sa ganin bajinta a nan.

Yerwa: Don Allah a gaya wa sababbin zuwa maganar wasan wuta na daren 31. Mu da muka taso a Maiduguri ba ma jin ƙarar nan a matsayin murna. Matata ƙarƙashin gado ta tura yara a shekararmu ta farko. Ku gaya wa yara tun da rana, ƙarfe 12 za a fara.

Anti Nas: Allah sarki. Gaskiya ne wannan.

Mai Zaure: Tunda kowa yana gida ranar 25, me zai hana mu haɗu kamar bara? 'Yan Leeds da Bradford, falona a buɗe yake. Anti 'Yar Jos ki taho bayan coci, shinkafar nan kada ta sake zama ke kaɗai.

Anti 'Yar Jos: Cincin a wuyana. Amma wa zai ɗauko ni daga Manchester, Anti Nas ta ce ko kare babu a titi.

Malam na Bradford: In dai zumunci ne ba biki ba, zan zo. Motata tana ɗaukar shida. Manchester ta yi min nisa, sai dai Dogo.

Dogo Bazazzagi: Zan je, Bakano ya zuba mai.

Alhaji Bakano: A cire a cikin fam 20.

Furofesa: A sa mana jawabin Sarki Charles ƙarfe 3, tun 1932 sarakunan ƙasar ke yin irin sa, ku ga al'ada.

Inna Hajiya: Ƙarfe 3 muna haramar magariba ɗana. Wa zai yi masa? Kada a sake kawo min talotalon nan busasshe kamar audi, a samo kaji a mahautan Musulmi tun da wuri, satin biki layi ake yi.

Ɗan Damagaram: Ƙanina zai iso ranar 20, in ce ya taho da kilishi?

Anti Nas: A'a! An hana shigo da nama, a filin jirgi za su ƙwace. Ya kawo kuka da yaji da kuɓewa busasshiya.

Dogo Bazazzagi: Da daddawa. Amma ya naɗe ta da kyau, kada karen kwastan ya suma.

Mai Zaure: Masu zuwa ku rubuta suna da yawan yara kafin Juma'a, Maman Biyu ke ma da tagwayenki. Wa ke da babbar tukunya?