Wace kalma za mu sa wa "eriya" a darasin lissafi?

Malamai 'yan uwana ku zo mu yi shawara don Allah. Ina koyar da lissafi a aji huɗu na firamare, satin nan muka shiga darasin eriya (area da Turanci, wato yawan wurin da abu ya rufe), to kalmar ce ta tsaya min a wuya. In na ce eriya yaran eriyar rediyo suke tunawa ko unguwa, in kuma na ce faɗi sai abu ya cakuɗe tunda faɗi mun riga mun ba gefe ɗaya, ta yaya zan ce wa yaro tsawo sau faɗi ya ba ka faɗi? A labarai ana cewa faɗin ƙasar Najeriya murabba'in kilomita 923,768, babba ya san me ake nufi, amma ɗan shekara 9 da jiya jiya ya koyi tsawo da faɗi fa?

Ga abin da ya faru ran Laraba. Na yanka kwalin taliya ƙanana ƙanana masu kusurwa huɗu daidai wa daida, na zana gida biyu da alli a siminti, ɗaya 2 da 6, ɗaya 3 da 4, na ce wanne ya fi? Kusan duk ajin suka ce dogon. Na ce to ku shimfiɗa kwalayen ku rufe kowanne kar ku bar kafa kar wani ya hau wani, suka ƙirga, 12 nan 12 can, aji ya yi tsit, sai wata yarinya daga baya ta ce Malam ashe shimfiɗarsu ɗaya ce. Wallahi kalmar nan ta zauna min. Muka zagaya su da zare, dogon ya ba da 16 ɗayan 14, wannan kam kewaye ne, ba gardama.

Na ga shawarwarin da wasunku suka riga suka kawo, wato fili, girma da murabba'i. Malama da kika ce fili, na gode, amma fili shi ne abin da ake aunawa, kuma bangon littafi ko fuskar allo ba wanda zai ce musu fili. Girma kaɗai ya yi yawa, har cikin bokiti da nauyin buhu duk girma ne. Murabba'i kuma ma'aunin ne, kamar yadda mai fuloti zai ce 50 da 100, wato murabba'in ƙafa 5,000, ko hekta ɗaya murabba'in mita 10,000, a bar shi a wurinsa.

Ni dai na tsaya a kan girman shimfiɗa, don yaron da ya ga ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko ana sa tayil a ɗaki ya riga ya san abin. Ran Litinin za mu gwada girman shimfiɗar allon aji da na ƙofa da takardun jarida, duk wanda ya gwada kalmar a ajinsa ya dawo ya faɗa mana yadda yara suka karɓe ta.